Gardamar ƙunshi a Harobanda

A Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, ɗaliban ilimin kwamfuta na Jami'ar Abdu Mumuni sun gaji gardamar da ta girme su. Tun 1967, da harshen Simula 67 ya fito a Norwe, ake rubuta manhaja ƙunshi-ƙunshi: kowane abokin ciniki, sunansa da bashinsa da hanyar lissafinsa a ƙulli ɗaya. Java ya yaɗa tsarin daga 1995.

Masu suka, irin su marigayi Joe Armstrong, sun ce ƙunshi kan jawo ƙunshi har aiki ya sarƙe. Ga littafin ƙaramin kanti, da gaskiyarsu. Amma lissafin albashin dubban ma'aikata, wanda wani zai gyara bayan marubucinsa ya tafi, ya fi tsira a ƙunshe.