Gajere ba yaro ba ne, amma a auna shi

Hausawa kan ce gajere ba yaro ba ne, kuma da wannan magana iyaye da yawa ke kwantar da hankalinsu idan ɗa ya ƙi tsawo. A ƙasar Magarya da Dungas maganar ta fi samun wurin zama, domin gajarta ba baƙuwa ba ce. Binciken da ake yi kan cimar yara ya sha nuna cewa fiye da rabin ƴan ƙasa da shekara 5 a jihar Damagaram ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. A shekarar yunwa ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki a Magarya, inda tamowa da zazzaɓin cizon sauro kan cika gadaje duk damina. Saboda haka duk yaron da aka gani gajere, sai a ce yunwa ce, ko gado.

Galibi haka ɗin ne. To amma akwai yaron da wannan hukunci ke cuta. Ɗan ma'aikaci ne ko ɗan attajiri, tukunyar gidansu ba ta taɓa kwana babu wuta ba. Shekararsa 9, rigar da ya shiga lakwal da ita har yanzu tana yi masa, ƙanensa ya wuce shi. Ba ramamme ba ne: yana da kumatu da ɗan tumbi, fuskarsa ta ƙaramin yaro, kansa kuwa yana ja a aji. Irin wannan yaro mai yiwuwa sinadarin girma ne ya yi masa ƙaranci, ciwon da kan sami yaro 1 cikin 4,000 zuwa 10,000.

Sinadarin yana fitowa daga wani ɗan ƙululu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira ipofiz. Ba ya zuba kullum kamar ruwan famfo. Jefi-jefi yake fita, akasari cikin barci mai nauyi. Shi ya sa ɗibar jini sau ɗaya da rana ba ta nuna kome, domin ko a jinin lafiyayyen yaro ana iya rasa shi a wannan sa'a.

Don haka awon hawa-hawa ne. Da farko a kawar da zargin tamowa, tsutsar ciki, amosanin jini da ciwon maƙoƙo. Sannan a ɗauki hoton ƙashin hannun hagu, a ga ko shekarun ƙashi sun yi baya da shekarun haihuwa. Sai a auna wani sinadari mai suna IGF-1, wanda hanta ke yi bisa umarnin sinadarin girma. A nan akwai tarko: yunwa ma tana saukar da shi. Yaron da bai ƙoshi ba, sakamakonsa na iya kama da na mai ciwon ipofiz, alhali abinci kawai yake bukata.

Idan zargi ya tsaya, sai a tsokani ƙululun. Yaro ya kwana bai ci kome ba, da safe a ba shi magani irin su kulonidin, gulukagon ko insulin, a riƙa ɗibar jini kusan kowane minti 30 har awa 2 ko 3, a ga iyakar abin da ipofiz zai fitar. Yawanci sai an yi gwaji iri 2 kafin a yanke hukunci. Na insulin yana kayar da sukarin jini, ba a yin sa sai likita na tsaye. Daga ƙarshe a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wani lokaci ƙari ne ke danne ƙululun; alamarsa ciwon kai, amai da raguwar gani.

Wannan aiki na manyan asibitoci ne, hanyarsa ta bi ta babbar likitar Damagaram, wataƙila har Yamai ko Kano. Maganin ma allura ce ta shekaru, mai tsada, wadda ake haɗawa a masana'anta tun 1985. Ita aka yi wa ɗan ƙwallo Lionel Messi yana yaro, har kulob ɗin Barcelona ya ɗauki nauyinta. Sai dai tana amfani ne kafin ƙashi ya rufe bayan balaga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma awon farko ba ya cin ko dala. Bango ne, da fensir, da karnen lafiya. Daga shekara 4 zuwa balaga yaro kan ƙaru da santimita 5 ko 6 a shekara. Wanda bai kai 4 ba, a kai shi likita. Uban da ya auna ɗansa duk wata 6 ya rubuta, ya riƙe hujjar da kowane likita zai fara nema. Wanda kuwa ya saya masa ƙwayoyin ƙiba a tebur ya sani wasunsu na ɗauke da kortizon, mai kumbura jiki yana tsayar da tsawo.

Ɗan kasuwa ba ya sayen gero sai da tiya. Girman ɗa ya fi cancantar mudu. Allah ya raya zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.