Ɗan aiken da bai san Kebbe ba

1/ Jama'a, yau zan taɓo wani abu da masu rubuta manhaja ke yi wa kallon ƙaramin aiki: ɗan bayanin da ake rubuta wa AI a kan kowane kayan aiki da aka miƙa masa. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Ga waɗanda ba fanninsu ba ne: ChatGPT ko Claude ba sa iya duba farashin gero ko tura kuɗi da kansu. Sai an haɗa su da wata ƙaramar manhaja mai yin aikin. OpenAI ta buɗe wa masu manhaja wannan ƙofa a watan Yunin 2023, Anthropic kuma ta fito da MCP a Nuwamban 2024, tsari guda na yin wannan haɗin.

3/ AI ɗin ba ya ganin cikin manhajar. Sunanta kawai yake gani, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike. Kamar ka aiki baƙon yaro kasuwa da takarda, kuma ba shi da hanyar komawa ya ce "Yaya, wace tiya kake nufi?" Abin da takarda ba ta faɗa ba, shaci-faɗi zai yi.

4/ Aikin kammala digirina a kan mataimaki ne da zai kwatanta wa ƙananan 'yan kasuwa farashin hatsi tsakanin Tambuwal da Kebbe, ya kuma duba musu yanayi. Na ɗauko wani kayan duba yanayi da wani ya saki kyauta a intanet. Bayaninsa kaf, in na mayar da shi Hausa: "Yana kawo yanayin wuri." Gurbi ɗaya, "wuri". Shi ke nan.

5/ Na tambaya ko za a yi ruwa gobe a Kebbe. Sai ga amsa tsaf, ba ko gargada, amma ta Birnin Kebbi. Ya ɗauka kuskuren rubutu ne, ya "gyara" min. Kebbe ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce mai zaman kanta tun 1991. Harafi ɗaya ya raba su. Wanda zai baza shanyar gero ko ya zuba taki saboda wannan amsa, wa zai biya shi?

6/ Manhajar lafiyarta ƙalau fa. Da na ƙara layi biyu a bayanin, cewa a bayar da ƙaramar hukuma haɗe da jiha, kada a taɓa rubutun sunan gari, in akwai shakka a tambayi mai tambaya, sai ya daina kai ni Kebbi.

7/ Awo ma haka. Bayani ya ce "farashin masara". Na buhu? Na tiya? Na mudu? Mu da kanmu mun san kwanon wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba.

8/ Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne kuɗi. A tsarin Paystack, mai manhaja da kwabo yake tura adadi, ba da naira ba. Ka rubuta 5000, naira 50 ke nan. In bayanin kayan aikin ya tsaya a "adadi" kawai, dole AI ya yi canki-canka, tazarar kuma ninki ɗari ce. Kuma kayan aikin da ke taɓa kuɗi ya kamata ya faɗa ƙarara cewa in an tura ba a dawo da shi cikin sauƙi, a nemi amincewar mutum tukuna.

9/ Shi ya sa ba na auna bayani da daɗin Turancinsa ko tsawonsa. Na ga mai layi goma, duk kirari ne wa manhajar, ko sau ɗaya bai faɗi lokacin da bai kamata a kira ta ba.

10/ Ga yadda nake yi. Ina miƙa wa abokin ɗakina bayanin shi kaɗai, ɗan Tarihi ne, ba ruwansa da kwamfuta. In ya yi min tambaya, wurin akwai rami. Sannan in jera tambayoyi irin na mutanen gida, wani ya rubuta Tambuwal, wani Tambawal, in duba wane kayan aiki AI ya ɗauka da abin da ya zuba a gurbi. Ina cusa waɗanda ba sa buƙatar kayan aiki sam, kamar gaisuwa, in ga ko zai yi zumuɗi.

11/ Wani abu kuma, tunda AI na ɗaukar bayanin nan da muhimmanci, mugu na iya ɓoye umarni a ciki. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna haka da kayan aikin tara lambobi biyu, wanda bayaninsa ke umartar AI ya karanto fayilolin sirri na kwamfutar ya aika. Don Allah ku karanta bayanin duk abin da kuka ɗauko kafin ku jona.

12/ Yanzu tambayoyin gwaji nake nema. 'Yan Kebbe, Kuchi, Dogon Daji da Sanyinna, ku rubuto min a ƙasa yadda Baba ko Inna za su tambayi kuɗin dawa da bakinsu, kada ku gyara Hausar.