Tsohon ƙarfe a kasuwar bakin iyaka

Masassaƙin gargajiya ba ya neman abin da zai riƙe masa itace. A ƙasa yake zama, ya danne gungume da ƙafa, ya ɗaga gizago, haka turmi da akushi da allon karatu suke fitowa tun zamanin kakanni. Kafinta kuwa a tsaye yake aiki a gaban benci, kuma tilas katakon da yake yankawa ko ferewa ya tsaya cak, in ba haka ba zarto ya karkace, ko kaifi ya zame ya sami yatsa. Abin da ke yi masa wannan riƙo shi ne bayis, ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a jikin benci, a murɗa hannunsa ya matse katako, a warware ya saki.

Wani malamin firamare a Illela, da ya ajiye aiki, ya haɗa wa kansa benci a zauren gidansa. Niyyarsa ya riƙa gyara kujerun islamiyyar unguwa da ƙofofin maƙwabta, ya sami ɗan abin cefane da zai tallafi fanshon da ba ya kai ƙarshen wata, ya kuma koya wa autansa sana'ar da zai dogara da ita ko da takardar makaranta ta ƙi ci. Zarto da guduma da sauran ƙananan kaya ya tara su sannu a hankali. Bayis ne ya rage, kuma kuɗin da ya ware masa na saye ɗaya ne tak. Idan ya sayi ruɓaɓɓe, sai dai ya ci gaba da sa yaron ya danne masa katako da gwiwa.

Illela na da nisan kimanin kilomita 80 arewa da Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarta ta ranar Lahadi tana tara mutanen ƙasashen biyu. Shekaru da yawa kayan gwanjon Turai da aka sauke a tashar ruwa ta Kwatano suna ratsa Nijar su shigo Arewa ta irin waɗannan garuruwa. Sai dai hanyar ta sha toshewa. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan kuma naira ta faɗi ƙwarai a gaban sefa. Duk abin da ya ƙetaro sai ya yi tsada, shi kuma tsohon ƙarfen da ya riga ya kwana a cikin ƙasa ya ƙara daraja. Malam ya fahimci cewa abokan takararsa a wajen neman bayis har da 'yan gwangwan, waɗanda ke ɗora ƙarfe a sikeli su saya da kilo don a kai shi a narka, ba ruwansu da ko yana aiki ko ba ya yi.

Darasin farko da ya koya a bakin wani tsohon kafinta shi ne bayis iri biyu ne. Wanda aka fi gani a rumfunan makanikai da masu walda a saman tebur yake zama, muƙamuƙinsa gajere ne mai haƙora, an yi shi don cafke ƙarfe. Idan ya kama katako sai ya bar masa tabon cizo, kuma tsayinsa yana tare wa mai fere hanya. Na kafinta a ƙarƙashin benci ake ɗaure shi, bakinsa ya yi daidai da saman bencin, muƙamuƙinsa mai faɗi ne sumul, da ramukan da ake liƙa masa fallen katako don kada ƙarfe ya taɓa aikin.

A wannan iri na biyu, sunan da tsofaffin kafintoci suka fi ambato shi ne Record, ƙirar birnin Shafil na Ingila, daga kamfanin C. & J. Hampton da aka kafa a 1898. Lambar da ke jikinsa tana nuna girmansa: mai lamba 52 faɗin bakinsa inci 7 ne, 52½ inci 9, 53 kuma inci 10 da rabi. Akwai wasu sunayen Ingila irin su Woden da Paramo da Parkinson. Shi kansa Record daga baya ya koma hannun kamfanin Amurka mai kayan Irwin, aka kuma mayar da ƙirarsa Sin, don haka suna kaɗai bai isa shaida ba, sai an duba ƙarfen.

Mafi yawan bayis ƙarfen zubi ne, wato wanda aka narka aka zuba a cikin mazubi. Irin wannan ƙarfe yana da gawayi mai yawa a jikinsa, kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, abin da ke sa shi jure matsi amma ya ƙi lanƙwasa. Idan aka fi ƙarfinsa, tsagewa yake yi. Walda kuma ba ta cika riƙe shi ba, sai an dumama shi gaba ɗaya, an yi amfani da sandar walda ta musamman mai nikel, an bar shi ya huce a hankali, domin wurin da aka ɗinka cikin gaggawa yakan sake tsagewa a gefen ɗinkin. Saboda haka abin da mai saye zai fara nema shi ne tsaga. Tsohon kafintan ya ce masa ya yi yadda mata ke yi wa tukunyar ƙasa a kasuwa: ya ɗaga ƙarfen ya ƙwanƙwasa, lafiyayye zai yi amo, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Idan ya yi shakka, ya shafa kalanzir a wurin, ya goge tas, ya shafa garin alli, domin kalanzir da ya maƙale a cikin tsaga zai tsatso ya zana layi a kan allin.

Na biyu shi ne dogon sukurun da ke tsakiya, wanda shi ne ran bayis. A buɗe shi har ƙarshe a duba zarensa, musamman kusa da gaba inda aka fi aiki da shi, a ga ko ya side ko ya karye. Wasu na da ɗan maɗanni kusa da hannu, wanda idan aka matsa shi muƙamuƙin zai zame gaba ko baya ba sai an yi ta murɗawa ba. Dabarar ita ce notin da ke riƙe sukurun rabi ne kawai, sifirin ke danna shi, maɗannin kuma ke ɗaga shi. Sauƙi ne babba, amma idan rabin notin ya cinye, bayis zai riƙa sakin katako daidai lokacin da aka matse shi da ƙarfi, kuma samun madadinsa a Illela ko Sakkwato sai an yi dace. Gwajinsa shi ne a sa guntun katako a matse iya ƙarfi, a ji ko zai yi tsalle.

Na uku, sandunan ƙarfe biyu da ke gefen sukurun su kasance a miƙe. Na huɗu, a rufe bakin a duba: a bayis mai kyau saman muƙamuƙin ne ke fara haɗuwa, da ɗan rata a ƙasa, da gangan aka ƙera shi haka don ya daidaita idan matsi ya hau. Tsatsa kuwa, in dai ta sama ce, ba aibi ba ce. Sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe ya fi ta ban tsoro, don ba a san abin da ya lulluɓe ba.

Da wannan ilimi Malam ya yi Lahadi uku yana zagaya masu tsofaffin ƙarafa. Na farko da aka nuna masa sabo ne fil, shuɗi mai sheƙi, amma da ya ɗaga sai ya ji ba nauyi, kuma muƙamuƙinsa na girgiza tun bai ga aiki ba. Na biyu shi ne irin wanda yake mafarki: babban Record mai inci 9, amonsa garau, zarensa kamar jiya aka yanka, maɗanninsa na aiki. Da ya juya shi sai ya ga ragowar farin fenti a ƙasansa, haruffa da lamba irin waɗanda ake rubutawa a kayan makarantun gwamnati, an kankare rabi.

"Alhaji, wannan daga ina ya fito?" ya tambayi mai rumfar.

"Wallahi Malam, yara suka kawo, na auna na biya. Ban tambaya ba."

Malam ya san tarihin irin wannan rubutu fiye da mai rumfar. A shekarun 1980, da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4, an kawo wa ƙananan makarantun sakandare kayan koyon sana'a daga ƙasashen waje, kuma da yawansu sun daɗe a cikin akwatuna saboda rashin wuta ko rashin malamin da zai koyar da su. Kafin nan ma makarantun koyon sana'a na da nasu bencina da bayis. Ya ga yadda ɗakunan aikin suka koma kufai, ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa gwanjo aka yi bisa ƙa'ida, mai yiwuwa kuma ta taga aka fito da shi da dare. Ya tsaya yana lissafi: idan ya bar shi, wataƙila a narka shi a mako mai zuwa, kuma makarantar ba za ta sake ganinsa ba ko ya saya ko bai saya ba. Duk da haka ya ga cewa mutumin da ya shekara yana tsawata wa yara kan ɗauke alli ba zai iya koya wa ɗansa sana'a a kan ƙarfen da yake zargin na ɗaliban wani ne ba. Ɓarawon ƙarfe kuma mai saye ne ke ciyar da shi. Ya ajiye shi, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa, Alhaji," ya wuce.

Na uku bai zo daga kasuwa ba. Tsohon kafintan ne ya ba shi labarin wani abokin aikinsa a Ƙonni da ya rasu, magada na sayar da kayan aikinsa. Ƙarami ne, mai inci 7, ba shi da maɗanni, sai an murɗa shi tun daga farko har ƙarshe, tsatsa ta yi masa ja, ƙwallon gefe ɗaya na hannunsa ya ɓata an toshe wurin da noti. Amma ya yi amo, alli bai nuna layi ba, zarensa cikakke ne, kuma an san hannun da ya fito. Aka yi ciniki da sefa, aka juya lissafin zuwa naira, kuɗin Malam ya isa da ƙyar.

Ya jiƙa shi da kalanzir kwana biyu, ya goge da burushin waya. Ya ɗaure shi a gefen hagu na gaban benci, inda mai aiki da hannun dama ya fi bukatarsa, da manyan notuna masu ratsa katakon bencin, ya sa guntun katako a tsakani har bakinsa ya sauka kaɗan ƙasa da saman bencin don kada kaifi ya ci karo da ƙarfe. Ya yanka falle biyu na maɗaci ya liƙa a muƙamuƙin. Maimakon giris mai kauri, wanda ƙurar hunturu da garin katako ke maƙalewa a ciki su zama kamar yashi suna cin zare, ɗan mai kaɗan yake shafawa ya goge. Ya kuma kafa wa yaron doka biyu: ba a zura bututu a hannun bayis don ƙara ƙarfin matsi, ba a kuma dukan ƙarfe a kansa da guduma, domin waɗannan biyun ne suka kashe mafi yawan waɗanda ya gani a kwance a gaban sikelin 'yan gwangwan.

Aikin farko da ya fita daga zauren kujera ce ta islamiyya mai karyayyar ƙafa. Yaron ne ya yanka sabuwar ƙafar, mahaifinsa na tsaye a gefe yana duba layin fensir. Babban Record ɗin kuwa, da Malam ya sake bi ta rumfar bayan wata guda, ba ya nan, kuma bai tambayi inda aka kai shi ba.