Ɗakin da ba ya numfashi

  

Ɗari dai lokacinsa ne. Daga Disamba zuwa Janairu, da dare zafin gari kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, kuma ga jikin da ya saba da 40 wannan ba wasa ba ne. Kowa da dabararsa. Tsofaffi na da kaskon gawayi, samarin fada sun kwashe furnon shayi sun koma cikin ɗaki. Sai kuma sabon abu: tun da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a ƙarshen 2011, tukunyar gaz ta kilo 6 ta shiga gidaje da yawa, har da na ƙauye. An saye ta don girki, amma idan sanyi ya matsa sai ka ga an jawo ta tsakar ɗaki an kunna, ba tukunya a kai, don kawai ɗaki ya yi ɗumi. Waɗanda suka yi zaman Aljeriya ko Libiya kuwa sun san shofaj na gaz, wanda aka ƙera don ɗumama ɗaki, wasu ma sukan dawo da shi cikin kayansu. Duk waɗannan wuta ce, kuma magana ɗaya nake son mu yi a kansu yau: ina iska ke shiga ɗakin da aka kunna su?

Wuta numfashi take yi kamar mu. Cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari ne oksijen, shi jininmu ke buƙata, shi kuma wuta ke buƙata. Muddin tana samunsa isasshe, tana cinye gaz ko gawayi har ƙarshe. Da ya fara ƙaranci sai ta riƙa cin rabi tana barin rabi, daga nan guba ke fita, wadda likitoci ke kira monoxyde de carbone da Faransanci, ko CO a taƙaice. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye.

A cikin jini akwai wani sinadari, hemoglobin, aikinsa kamar na ɗan kabu-kabu ne: ya ɗauki oksijen daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. To CO ta fi oksijen manne masa fiye da sau 200. Idan ta hau, ba ta sauka da wuri. Mutum yana ta numfashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, amma babu abin da ke isa inda ake jira.

A nan al'adarmu ke yaudararmu. Da hayaƙi muke auna haɗarin wuta. Kowace uwa ta san ba a shiga da gawayi ɗaki yana hayaƙi, sai a fifita shi a waje har ya rure ya yi jajir, sannan a ce "ya huce, shiga da shi". Hayaƙin da aka kora shi ne mai gargaɗi, shi ke sa ka tari ka tashi ka buɗe ƙofa. Garwashin nan ja mai tsabta yana ci gaba da fitar da CO har ya zama toka, kuma yayyafa masa toka don ya kai asuba ƙara shaƙe shi ne, gubar ba ta tsayawa. Haka gaz. Mutane na cewa ai shi ba ya hayaƙi. Gaskiya ne, a fili ko a ɗakin girki mai taga gaz ya fi itace da gawayi tsabta nesa ba kusa ba, kuma ni ina cikin masu murna da ya rage mana sarar itatuwa. Amma a rufaffen ɗaki shi ma oksijen yake ci, kuma duk abin da ya fitar cikin ɗakin yake zama.

Za ku ce kakanninmu sun kwana da wuta shekara da shekaru. Sun kwana, amma a wane ɗaki? Bukkar ciyawa ko ɗakin ƙasa mai rufin azara, ƙofarsa asabari ko tufaniya, iska na ratsawa ta ko'ina ko ba ka so. Yanzu siminti ne, da rufin kwano da silin, ƙofar ƙarfe, tagar ƙarfe. Da ƙurar hunturu ta taso sai a bi tagar da leda ko kwali a liƙe, ƴan ramukan da magini ya bari a saman bango a cusa musu tsumma, a shimfiɗa tsohon zane a ƙasan ƙofa. Ginin ya canza, kaskon bai canza ba.

Shekarun baya a unguwarmu, wasu samari huɗu ƴan fada ɗaya suka koma cikin wani butik da ba kaya a ciki saboda sanyi. Sun ci abinci, sun yi shayi har dare ya raba, suka jawo ƙofar ƙarfe suka kwanta, furno na gefe da sauran garwashi. Da gari ya waye aka ji shiru, aka buga ba amsa, aka ɓalle ƙofa. Uku sun farfaɗo a likita. Ɗaya, Allah ya jiƙansa, a nan aka tarar da shi. A wurin zaman makoki na ji bayani iri-iri. Wasu sun ce iska ce ta taɓa su, wai butik ɗin dama ba a kwana cikinsa. Wasu suka ce abincin ne, kuma wannan maganar ita ta yi ƙarfi, domin waɗanda suka rayu sun yi ta amai. Wata baiwar Allah da ke sayar da shinkafa da wake a bakin hanya, wadda a wurinta suka saya, kafin sati ya zagayo ba mai tsayawa gabanta. Ba wanda ya kai ta ƙara, ba wanda ya ce mata komai a fuska. Ta dai kwashe kwanoninta ta daina fitowa. Furnon kuwa yana nan a lungun butik, kowa ya gan shi, ba wanda ya tuhume shi.

Kalmar nan "iska" ta daɗe tana ba ni mamaki a wannan magana. Muna cewa iska ta shige su, alhali iskar ce aka hana shiga.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne alamominta sun yi kama da cutukan da muka saba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, gaɓoɓi su mutu. Wa zai ji haka bai ce palu ba ne, ko ya ci wani abu? Ga yadda ake rarrabewa: idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, idan ciwon na sauƙi da an fita waje, ya dawo da an koma ciki, idan kullum da safe ne tun da aka fara shiga da wuta, to a dubi wutar kafin a tafi sayen kinin. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ma ya farka, sau da yawa ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa zuwa ƙofa.

Kada a ɗauka ciwon talaka ne ko na wanda bai yi lakkol ba. Duk wanda ya yi lise ya ji sunan Emile Zola, mai littafin Germinal. A 1902, a gidansa da ke Paris, wannan gubar ta kashe shi cikin dare, saboda bututun hayaƙin murhun ɗakinsa ya toshe. A Aljeriya, inda kusan kowane gida ke da shofaj na gaz da na'urar dafa ruwan wanka, ba shekarar da ba ta kashe sama da mutum ɗari, har ta kai a 2023 gwamnati ta umarci kamfanin Sonelgaz ya sanya wa gidaje na'urar da ke ƙara idan CO ta taru, kyauta. Ina faɗin wannan ne saboda ƴan uwanmu na Kance da Matamai da sauran wurare da ke can Tamanrasset da biranen arewa, mutum goma a ɗaki ɗaya ko a kangon gini, cikin sanyin da ya fi namu. Wanda ke da ɗan uwa can, ya tura masa wannan.

To mene ne abin yi, tunda ba za a ce wa mutum ya kwana yana rawar ɗari ba?

Wuta ta ɗumama ɗaki, sannan ta fita kafin a kwanta. Gawayi a fitar da shi waje, gaz a kashe shi daga kan tukunyar. Bango da shimfiɗa sun riga sun ɗauki ɗumi, sauran aikin na bargo ne. Ko shofaj ɗin da aka ƙera don wannan aiki, idan ba shi da bututun da ke fitar da iskarsa waje, hukumomin lafiya na Faransa cewa suke kada ya wuce awa 2 yana ci a jere. Murhun girki kuwa ba a yi shi don ɗumama ɗaki ba ko kaɗan.

Lokacin da wutar ke ci, ɗaki na buƙatar hanya biyu, inda sabuwar iska za ta shiga da inda tsohuwa za ta fita. Tsumman ƙasan ƙofa a ɗauke shi, ramukan saman bango a buɗe su, taga a bar ta kamar faɗin tafin hannu. Na san abin da mata za su ce: ƙura. Wallahi na sani, da safe sai ka rubuta sunanka a kan tebur. A rataya labule mai shara-shara, yana tare ƙura yana barin iska. Fanka a rufaffen ɗaki ba ta ƙara komai, juya gubar kawai take yi.

Ku riƙa duban harshen wutar gaz. Shuɗi ya kamata ya zama, tsayayye. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana lilo, ko gindin tukunya ya fara baƙi, wutar ba ta samun iska. A wannan lokaci na shekara sau da yawa ƙura ce ke toshe ƴan ramukan kan murhun, a kashe a bari ya huce a goge. Idan kuma kun ga gumi na tsattsafowa a jikin ƙofar ƙarfe ko gilashin taga, ɗakin ya rufu da yawa.

Akwai haɗari na biyu da ake haɗawa da wannan, gara a raba su. Yoyon gaz daban ne. Shi yana da wari, da gangan aka sa masa don a ji. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci a tabarma, kuma ƙyastu ɗaya yake jira. Idan an ji warin, kada a taɓa makunnin kuran, kada a ƙyasta ashana, a rufe tukunya a buɗe ƙofa. Tiyo da ruwan sabulu ake gwada shi, inda ya yi kumfa nan ne yoyon. Amma "ban ji warin gaz ba" ba shaida ba ce cewa ɗaki lafiya yake, domin CO ba ta da wari. Gurup ma, da aka ɗauke kuran sai a shigo da shi zaure ko a ajiye shi gindin taga don tsoron ɓarayi. Wurinsa fili, nesa da ƙofa da taga, ko da sarƙa za a ɗaure shi.

Inda maganar ta fi wuya shi ne ɗakin mai jego. A wurinmu sanyi shi ne uban cuta, kuma kakar jariri da ta zo wankan jego ba ta da aikin da ya wuce korar sa: kasko ƙarƙashin gado, kaskon turaren wuta a gefe, ƙofa a rufe, taga a liƙe. Don ƙauna take yi, kuma da gaskiyarta, jariri sabon haihuwa ba ya jure sanyi. Sai dai shi ne kuma ya fi kowa saurin kamuwa da gubar, yana numfashi da sauri, ba ya iya cewa kansa na ciwo, sai dai ya yi ta barci ya ƙi mama, a ce yaron kirki ne ba ya kuka. Mai gida na ganin abin, kunya ta hana shi yi wa surukarsa magana. Ba sai an yi gardama da al'ada ba. A ce mata: "Inna, a gasa ɗakin yadda kike so, in ya yi ɗumi sai mu fitar da wutar, ga hula da safa da bargo na sayo wa yaron." In ba za ka iya ba, ka aika gwaggonka ko unguwarzoma. Jikin uwa ma, idan ta rungume shi fata da fata aka rufa su, ya fi kasko ɗumi mai amfani.

In kuwa abin ya riga ya faru, aka tarar da mutum a sume a ɗakin da aka kwana da wuta, a wangale ƙofa da taga tukuna, mai shiga ya riƙe numfashinsa, ya jawo shi waje. A kwantar da shi a gefensa saboda amai. A kira pompiye a lamba 18, inda babu su a nemi mota ko amalanke zuwa likita mafi kusa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko rubutu, ba sa fitar da gubar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi. Maganin oksijen ne. Da iskar waje kawai, jini na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya zubar da rabin gubar, da oksijen na likita kuwa kamar awa ɗaya da rabi. Da kun isa ku faɗa wa majo da bakinku cewa da gawayi ko gaz aka kwana, kada a tsaya neman palu. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warware a kai shi, domin wasu bayan kwanaki ko makonni mantuwa da rikicewa ke biyo baya. Mai ciki kuwa, ko ciwon kai kaɗai ta ji, a kai ta, jinin abin da ke cikinta ya fi nata riƙe gubar.