Mawaƙan Bisa Reshe

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akan kawo wannan karin magana ne domin a nuna cewa mutum ba ya rabuwa da halin inda ya fito. Amma idan muka ɗauki maganar a kan zahirinta, sai tambaya ta taso: tsuntsun da yake da gida biyu fa, ɗaya a Turai ɗaya a ƙasarmu, kukan wane gida yake yi, kuma wa ke da alhakin kula da shi? Wannan tambaya ta shafe mu, mu mutanen Vimtim da ke zaune a gindin duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, dab da iyakar Kamaru. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne wani irin kiɗa da ake yi a nesa da mu ƙwarai.

A manyan biranen Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin makaɗa da ake kira okestira. Taro ne na masu goge manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganguna, waɗanda kan kai mutum 80 ko fiye, kowa da takardar kiɗa a gabansa, ga madugu guda a tsaye da 'yar sanda yana ba su hannu. Kamar yadda manomi yake da daminarsa, su ma suna da kakarsu. Akan buɗe ta a watan Satumba ko Oktoba, a yi ta wasa mako-mako cikin manyan zauruka har zuwa Mayu ko Yuni. Tun kafin ranar buɗewa an riga an buga jerin kiɗe-kiɗen da za a yi, masu sha'awa kuma sun biya kuɗin kujerunsu na shekara. A nan Nijeriya ma ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, tana da zaure da makaranta da okestira a Onikan cikin Legas. Sai dai tsakanin Vimtim da Onikan akwai fiye da kilomita 1,000, saboda haka galibinmu a rediyo ko a wayar hannu muka taɓa jin irin wannan kiɗa.

Duk wanda ya bi jerin kiɗe-kiɗen nan zai lura cewa da wuya kaka ta wuce ba a kaɗa kukan tsuntsu ba. A 1725 aka buga kiɗan Antonio Vivaldi, mutumin Italiya, a kan lokutan shekara huɗu, inda ya sa goge yana kwaikwayon tsuntsayen bazara, da kurciya, da wani tsuntsu mai kiran sunansa da bakinsa, wato kuku. Ludwig van Beethoven kuwa, a babban kiɗansa na shida, ya kai masu sauraro bakin rafi, sa'an nan ya tsai da sauran makaɗa, ya bar mabusa huɗu kawai. Mai sarewa ya zama naitingel, wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da ya shahara da waƙar dare. Mai busa wata 'yar'uwar algaita ya zama salwa. Masu kilarinet biyu suka zama kuku. Da hannunsa ya rubuta sunayen tsuntsayen uku a jikin takardar, alhali a lokacin kunnuwansa sun soma mutuwa. Ottorino Respighi ya wuce nan, domin a kiɗansa na itatuwan birnin Rum cewa ya yi a kawo garmaho cikin zaure, a sa faifan kukan naitingel na gaske, makaɗa su yi ƙasa-ƙasa su ba shi wuri.

To, bari mu dubi ranakun. An fara kaɗa kiɗan Beethoven a birnin Biyana ranar 22 ga Disamba, 1808. Na Respighi an fara shi a Rum ranar 14 ga Disamba, 1924. A irin waɗannan ranaku, sanyi ya rufe Turai, bishiyoyi sun kakkaɓe, kuma naitingel da kuku sun daɗe da barin ƙasar. Tun ƙarshen zafinsu sukan tashi, su haye Bahar Rum, su ratsa Sahara. Naitingel, wanda nauyinsa bai kai giram 30 ba, yakan sauka a ƙasashen da ke kudu da hamada, har da Nijeriya da Kamaru, ya shige cikin sarƙaƙiyar bakin rafi irin tamu. Salwa da kurciyar Turai sukan tsaya a yankin Sahel, kuku kuma yakan ratsa ta Afirka ta Yamma ya gangara kurmin Kwango. Ke nan, a daidai watannin da ake buɗe zauruka ana biyan kuɗi domin a ji kwaikwayon kukansu, su mawaƙan na asali suna baƙunta a wajenmu, suna cin ƙwarin gonakinmu, suna shan ruwan ƙoramunmu, mu kuwa muna wuce su da garma a kafaɗa.

Bayan baƙi, muna da mawaƙanmu na gida, kuma su ma suna da kakarsu, wadda babu mai buga jerinta sai Mahalicci. Shamuwa ce ke buɗe ta. Ba ta da wata murya ta a zo a gani, sai kaɗa baki, amma da zarar an gan ta a kan tsamiya cikin zafin bazara, an san ruwa ya kusa, kowa sai ya nemi irinsa. Idan damina ta kankama, asubar gindin dutse takan zo ne hawa-hawa. Zakaran gida ne ke share fage. Daga can cikin duwatsu sai kajin dutse su ɗauka, ɗaya ta fara fito, sauran su karɓa, sautin yana hauhawa kamar 'yan amshi suna bin zabiya. Makwarwa ta tsoma tata kakkausar muryar daga gefen gona. Da hantsi suda takan hau kan ƙaya ta rera nata, fito ne mai gangarowa a hankali, wanda ya sa ake mata kallon mai labari. Ragon maza yana cikin duhuwa yana yi kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Cilakowa tana ɗaga baki sama tana kira, kurciya kuwa ita ce ke riƙe da rana tsaka, lokacin da kowa ya yi shiru. Can wani lokaci a ji burtu daga nesa, kamar an dafa tafin hannu a kan babbar ganga.

Kakanninmu sun saurari wannan duka, kuma sun ɗiba. Yaron da ke tsaron gona yakan fafe karan dawa ya yi abin busa, kuma tsuntsun da ke kansa shi ne malaminsa na farko. Makiyayi da sarewarsa haka, maharbi ma yakan kwaikwayi kukan tsuntsu, har ya ɗaura kan burtu a goshi domin ya kusanci nama. Iyayenmu mata sukan sa wa kukan kurciya kalmomi, kowane harshe da nasa, su ce ga abin da take faɗa. Mai zaƙin murya akan kamanta shi da kanari, mai iya zance da aku, kuma ba banza ba Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku. Musulminmu da Kiristanmu duk sun san Annabi Dawuda da Zabura, kuma Alƙur'ani ya ba da labarin duwatsu da tsuntsaye suna tasbihi tare da shi. Mu da muke kwana tsakanin dutse da tsuntsu ba ma buƙatar dogon tafsiri a kan wannan. Idan kaka ta yi, aka kai amfani rumbu, sai tsuntsaye su sassauta, mutane su karɓi fage da ganguna da ƙahonni da bukukuwan aure.

Akwai shekarar da ba mu karɓi fagen ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, kuma cikin kwanakin nan suka iso Vimtim, mahaifar Alex Badeh wanda a lokacin shi ne Babban Hafsan Tsaron Nijeriya. Dawa tana tsaye a gona muka bar ta. Wasunmu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa. A wannan kaka ba a kaɗa ganga ba, ba a kai amarya da guɗa ba. An ƙwato Mubi cikin watan Nuwamba, amma komowarmu ta ɗauki lokaci, kuma akwai waɗanda ba su komo ba har abada. Waɗanda suka fara kwana a gida sun tarar da ƙofofi a ɓalle da unguwa babu motsi. Da gari ya waye, kajin dutse suka yi kiransu kamar kullum, kuma da yawanmu a wannan sauti muka fara yarda cewa garin yana nan.

Wannan ya sa muke fahimtar Olivier Messiaen, makaɗin Faransa, fiye da yadda nisan ƙasa zai sa a zata. Jamusawa sun kama shi a Yaƙin Duniya na Biyu, suka tsare shi a sansanin fursunoni da ke Görlitz. A can ya tsara kiɗa na mutum huɗu a kan ƙarshen zamani, aka kaɗa shi ranar 15 ga Janairu, 1941, a gaban fursunoni da masu gadinsu cikin tsananin sanyi. A cikinsa ya sa kukan tsuntsayen asuba, har da naitingel, wanda a wannan wata yake can Afirka. Bayan yaƙi ya ci gaba da shiga daji da fensir da takarda yana rubuta kukan tsuntsaye, kuma tsakanin 1956 da 1958 ya tsara kiɗan fiyano guda 13, kowanne da sunan tsuntsu da yankin da yake zaune.

Abin da bindiga ba ta iya ba, muna tsoron gatari zai iya. Buhunan gawayi da ke jere a bakin hanya bishiyoyi ne da tsuntsaye suka yi sheƙa a kansu bara. Sarƙaƙiyar bakin rafi, masaukin baƙinmu, ana share ta domin lambu. Wutar daji tana cinye abin da ya rage, maganin feshi yana kashe ƙwarin da suke ci. Gauraki, waɗanda ake ɗauka a matsayin tsuntsayen ƙasa, sun yi ƙaranci a Nijeriya har yaro kan girma bai taɓa ganinsu ba. A Ingila an ƙiyasta cewa naitingel ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekaru 50. Su can suna da faifai da takarda, ko tsuntsu ya ƙare okestira za ta ci gaba da kaɗa shi. Mu namu yana cikin kunne ne da bakin tsofaffi, kuma tuni ƙannenmu suka soma kiran kowane mai fiffike da suna ɗaya, tsuntsu.

Ba za mu ɗora wa talaka laifin yunwarsa ba. Matar da ta sari ice tuwo za ta dafa, kuma duk wanda ya taɓa wuni a kan rumfar gona yana kaɗa gwangwani domin korar jan baki ya san cewa akwai tsuntsun da kukansa asara ce ga manomi. Amma tsakanin sara da ƙarewa akwai tazara. Iyayenmu sun san bishiyar da ake yi wa sassabe da wadda ake bari, kuma sun hana yara jifan shamuwa tun kafin a kafa wata hukumar kare daji. Wannan sani yana nan, ana iya farfaɗo da shi: a bar wa rafi gefensa, a bar tsamiya da kuka da ɗorawa a tsakiyar gona, wanda ya sari ɗaya ya dasa biyu.

Mu ɗaliban harshe kuwa, namu aikin ya fi kusa da hannu. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, masananta suna ƙidaya, suna awo, suna sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa. Sai dai sunan tsuntsu da Hausa da Falanci da Fulatanci da Gude, da kalmomin da aka sa wa kukansa, da tatsuniyarsa, da karin maganarsa, da busar da aka ɗauko daga gare shi, wannan gonarmu ce. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu, yana kuma da tsoho ko tsohuwa a gida. Idan hutu ya zo, mu sammaka zuwa gindin dutse mu ɗauki sauti, da yamma mu kai wa dattawa su faɗa mana mai shi, mu rubuta. Watakila wata rana ɗan Vimtim ya ɗora kiran kajin dutse a kan goge da sarewa, a kaɗa shi a Onikan ko a Biyana. Kafin nan dai, baƙinmu za su sake ratso hamada bayan damina, kuma haƙƙin baƙo ne ya tarar da masaukinsa. Allah Ya ba mu ikon saukewa.