Laifin Hannu Ko Na Mai Hannu?

Ni ɗan Fagge ne, kuma cikin shagunan gem na unguwa na tashi. Tun zamanin PlayStation 2 muke haɗa kuɗin tara mu biya, a ba mu hannu biyu mu buga ƙwallo, wanda aka ci ya tashi. Da na girma na fara zama a shagon yayana a Kantin Kwari, ban bar wasan ba. Saboda haka a wajena babu wani gem da zai gagare ni. Wannan jin kan ne ya kai ni ga abin da har yau nake jin kunyarsa.

A shekarar 2023 na shiga Sabon Gari na sayi PlayStation 4 na hannu a wajen wani ɗan kasuwa Ibo, haifaffen Kano, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ya haɗa mini da hannu biyu da kaset ɗin Elden Ring. Ya ce, “Malam, wannan fa ba ƙwallo ba ce. Sai da haƙuri.” Na yi dariya na ce ya dai zuba mini a leda.

Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ne ya fitar da Elden Ring a watan Fabrairun 2022, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, mutumin da ya yi Demon's Souls a 2009 da Dark Souls a 2011. An san wasanninsa da abu ɗaya: ba sa lallashin kowa. Babu wurin da za ka zaɓi mai sauƙi ko mai wuya. In aka kashe ka, dukiyar da ka tara tana zubewa a inda ka faɗi, in kuma aka sake kashe ka kafin ka koma ka kwashe, ta tafi ke nan.

Na yi kwana uku ina lallaɓawa har na isa wata gada da ke kaiwa fadar Stormveil. Nan na gamu da Margit, wani tsoho mai ƙahoni da doguwar sanda. Ya kashe ni, na dawo, ya sake kashe ni. Na daina ƙirgawa da aka wuce talatin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sai in danna maɓallin da'ira don in mirgina in kauce, amma ɗan wasana ya yi kamar bai ji ba, sai sanda ta sauka a kansa. Wani lokacin kuma in daina dannawa, shi kuwa ya ci gaba da kai sara shi kaɗai. Nan na yanke hukunci biyu a dare ɗaya: waɗanda suka tsara wasan ba su san aikinsu ba, kuma an sayar mini da mataccen hannu.

Washegari na tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da hannun a aljihu. Ban ko yi sallamar kirki ba. Na dire shi a kan teburin mutumin, gaban masu ciniki, na ce ya cuce ni. Ban tsaya nan ba, na ƙara da maganar da ba ta da alaƙa da hannu: na ce dama haka suke, ba su da amana. Da bakina na faɗa, ni da na san cewa mutanen Fagge da na Sabon Gari sun fi shekara ɗari suna cin kasuwa tare.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, zauna. In hannun ne, zan canza maka yanzu.” Ya kira wani yaron shagonsa, ɗan shekara kamar sha biyar, ya ce ya jona shi a na'urar gwaji.

Yaron ya tambaye ni irin kayan da na sanya wa ɗan wasana. Na faɗa masa da alfahari: sulke mafi kauri da na samu, da garkuwa, da takubba har uku. Ya sunkuyar da kai don kada in ga dariyarsa. Ya ce, “Kawu, ai ka yi masa lodi. In kaya suka wuce kashi 70 na abin da zai iya ɗauka, mirginawarsa tana nauyi kamar buhun gero.” Sannan ya nuna mini abin da ya kashe mini jiki. Da'irar nan aiki biyu take yi: in ka riƙe ta gudu ne, in ka taɓa ta mirginawa ce. Don haka wasan ba ya mirginawa lokacin da ka danna, sai lokacin da ka saki. Ni kuwa don tsoro nakan matse ta kamar zan fasa. Saran da nake gani yana fita shi kaɗai kuma, ashe wasan yana ajiye dannawar da ka yi a gigice, ya aiwatar da ita da zarar motsin farko ya ƙare. Duk abin da ɗan wasana ya yi, ni na sa shi.

Ya shiga wajen Margit da hannun nan nawa. Bai kai sara ba sai da ya kusan minti ɗaya yana zagaye yana kallo. Tsohon ya ɗaga sanda sama ya riƙe, ya riƙe, kamar ya manta da ita. A daidai nan nakan mirgina da wuri in tashi cikin duka. Yaron ya jira har ta fara saukowa, ya kauce, ya sara sau biyu, ya ja da baya yana duban koren layin numfashinsa ya cika. A karo na biyu ya gama da shi. Ya miƙo mini hannun ya ce, “Lafiyarsa ƙalau, Kawu.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba mai shagon haƙuri a gaban mutanen da na ci masa fuska a gabansu. Ya ce ya wuce, har ya aika aka sayo mini lemo. Lemon nan ya fi zagi zafi.

Daga baya na fahimci cewa gardamar da nake yi a ɗakina, duniya ta daɗe tana yin ta. Lokacin da Sekiro, wani wasan FromSoftware, ya fito a 2019, an yi ta ce-ce-ku-ce: wasu na cewa a sa matakin sauƙi don masu rauni a hannu da waɗanda ba su da lokaci, wasu na cewa wahalar ita ce gishirin wasan. Elden Ring ya bi wata hanya ta tsakiya wadda ban lura da ita ba. Ba dole ne ka tunkari Margit da wuri ba. Kana iya hawa dokinka ka nufi kudu, ka ƙara ƙarfi, ka kai makaminka wajen maƙeri, ka dawo. Kana iya kiran ruhohin kyarketai su taya ka, ko ka gayyato wani mai taimako a cikin wasan, Rogier, da alamarsa ke bakin ƙofa. Sauƙin yana nan, sai dai ba a jera shi a faifai ba, nema ake yi. Ni girman kai ya hana ni tambaya.

Ban ce wasan ba shi da aibi ba. Har gobe ina ganin rashin maɓallin tsayarwa gazawa ce, tunda Sekiro yana da shi. A gidan da za a kira sallah ko Hajiya ta aike ka kana tsakiyar faɗa, wannan ba ƙaramar takura ba ce. Kyamarar ma takan rikice in dodo ya cika girma. Amma yanzu na san bambancin aibin da ke cikin abu da gazawar da ke cikina, kuma ba na sukar tsari sai na fahimci dalilinsa.

Abin da ya fi zame mini izina ba wasan ba ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Don kada in yarda yatsana ne bai iya ba, na zargi masana a Japan, na zargi roba da waya, na taɓa mutuncin bawan Allah da na mutanensa gaba ɗaya. Haka muke yi a kasuwa, da makaranta, da cikin gida.

Na ci Margit bayan mako guda, da hannun nan dai, kuma har yau shi nake amfani da shi. Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki kaya ka koma wa mai shago da faɗa, ka ba wanda ya fi ka sani ya gwada.