Marsiyyar da Ba Ta da Baiti

Ni Bayarabe ne, haifaffen Ibadan, kuma a bakin maƙwabtanmu na unguwar Sabo na tsinci Hausar da ta kawo ni wannan sashe. Amma kafin in iya gaisuwa da Hausa, na iya busa. Yayana ne ya koya mini busa ƙahon nan na Turawa da ake kira tirampet, tun ina ɗan shekara 10, a badujalar yaran cocinmu. Ya rasu a hatsarin mota a shekarar 2019, ƙahonsa kuma ya dawo hannuna.

Da na shigo jami'a sai na shiga ƙungiyar mabusa ta sashen nazarin kiɗa. Ga wanda bai sani ba, irin wannan ƙungiya ta sha bamban da badujalar da muke gani a fareti. Mu a zaune muke busa, cikin zaure, kowa da takardar kiɗa a gabansa. Kayan aikinmu su ne sarewa da kilarinet da saksofon da tirambon da tuba da ƙaho irin nawa, sannan ganguna daga baya.

A shekarar 2024 shugabanmu, wanda muke kira Oga, ya raba mana takardun wani kiɗa mai suna An American Elegy, na Frank Ticheli. Shi wannan mutum Ba'amurke ne, an haife shi a 1958 a garin Monroe na jihar Luwiziyana, ya kuma koyar da tsara kiɗa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya daga 1991 zuwa 2023. A cikin kiɗan akwai wani wuri da aka ce mai ƙaho ɗaya zai busa shi kaɗai, amma daga wajen dandamali, inda 'yan kallo ba za su gan shi ba. Oga ya nuna ni da sandarsa, ya ce, "Wannan naka ne."

Gaskiya raina ya ɓaci. Mahaifiyata ta yi alkawarin za ta zo kallo, ita da ba ta ƙara zuwa wurin busa ba tun rasuwar Yaya. Ga shi a daidai wurin da zan nuna gwanintata an ce in koma bayan ƙofa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to ni kuwa an hana a gan ni.

Saboda haka a gwajin farko na busa da iya ƙarfina, irin busar fareti, don kowa ya san ina nan. Oga ya tsayar da kiɗa, ya kira ni ciki, ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa aka tsara abin da nake busawa. Na ce ban sani ba. Nan ya ba mu labari. Ranar 20 ga Afrilu, 1999, wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar sakandare ta Columbine da ke jihar Kolorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Sai aka nemi Ticheli ya tsara kiɗa don tunawa da mamatan da kuma girmama waɗanda suka tsira. Ƙungiyar mabusa ta ita wannan makaranta ce ta fara busa shi, ranar 23 ga Afrilu, 2000. Da ya gano makarantar ba ta da taken kanta, ya tsara mata, ya kuma saka wani yanki na taken a inda kiɗan ya kai ƙololuwa. Jim kaɗan bayan wannan wuri ne ake jin ƙahon daga nesa. Oga ya dube ni ya ce, "Yaro, muryar wanda ba ya nan aka ba ka. Ya za ka yi mana ihu da ita?"

A wannan zangon karatu kuwa muna nazarin rubutattun waƙoƙi, har Malam ya kawo mu kan marsiyya, wato waƙar da ake yi wa mamaci, ya ba da misali da waɗanda Nana Asma'u ta yi wa 'yan uwanta. Abin da na riƙe shi ne, mai marsiyya yakan ambaci rashi, ya tuna halayen kirki na mamaci, sannan ya ba masu rai haƙuri. Da na koma na saurari kiɗan da wannan kunne, sai na ji kusan tafarki ɗaya ne. Yakan fara daga can ƙasa, cikin manyan muryoyi masu kauri, ya riƙa hawa sannu a hankali har zaure ya cika, sannan ya lafa. Minti 11 ne ko kusa da haka, babu baiti ko ɗaya, amma duk abin da Malam ya lissafa yana ciki.

Busar bayan ƙofa ta fi ta fareti wuya nesa ba kusa ba. Ba na ganin sandar Oga sai ta 'yar kafar ƙofa. Sauti kuma yakan ɗan makara kafin ya iso daga nesa, don haka dole in riga sauran da ƙiris, in ba haka ba a ji ni a baya. Mafi wuya shi ne busa a hankali ba tare da muryar ƙaho ta karye ba, domin hakan na bukatar numfashi mai tsawo da leɓe mai natsuwa. Mako shida na yi ina fama da wannan a bayan ɗakin kwananmu, har abokan zamana suka gaji da ni.

Ranar wasa, da lokaci ya yi, na zame daga kujerata na fita. Na tsaya ni kaɗai a wani lungu mai duhu, ga tsintsiya da bokiti a gefena, ina ƙirga bugun kiɗa a zuci. Hannuna na rawa. Na busa, na gama, ban san yadda aka ji shi a ciki ba.

Bayan an tashi na sami Mama a bakin zaure. Ta ce ta neme ni a kujerata ta rasa. Sai ta tambaya, "Wa ya yi busar nan daga waje?" Na ce ni ne. Ta yi shiru, ta karɓi ƙahon daga hannuna, ta shafa lotsawar da ke bakinsa, wadda Yaya ya yi masa tun muna yara. Ta ce, "Na gane muryarsa." Ban tambaye ta ko ƙahon take nufi ko mai shi ba.

'Yan uwana ɗalibai, idan kun sami sarari ku nemi wannan kiɗa ku saurara, ku kuma kasa kunne ga ƙahon da zai zo daga nesa wajen ƙarshe. Ni dai tun daga ranar, in za a raba takardu, ban ƙara tambayar Oga a ina zan zauna ba.